Clement Attlee: Shiru-shirun da ya kayar da Churchill a akwatin zaɓe

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Birtaniya, ko jam'iyyar Labour ta shiga rikicin cikin gida, sai ka ji an tono sunan wani dattijo mai sanƙo da ɗan gashin baki wanda ya rasu tun 1967. Masu tsattsauran ra'ayin gurguzu a jam'iyyar su ce nasu ne, masu sassauci su ma su ce nasu ne, har 'yan jam'iyyar Conservative da suka yi hamayya da shi sukan ambace shi da girmamawa. Sunansa Clement Attlee. A nan ƙasashenmu da wuya ka samu matashin da ya san shi, alhali kowa ya taɓa jin sunan Winston Churchill. To, Attlee ne ya kayar da Churchill a zaɓen 1945, wata biyu kacal bayan Jamus ta miƙa wuya. Kuma tsarin kiwon lafiya kyauta na NHS, inda 'yan Afirka ta Yamma masu yawa ke aikin jinya da likitanci a yau, a ƙarƙashin gwamnatinsa aka kafa shi.

An haife shi ranar 3 ga Janairu 1883 a unguwar Putney da ke Landan, shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa lauya ne mai hali, yaron bai san babu ba. Ya yi makarantar kwana ta Haileybury, ya karanci tarihi a Jami'ar Oxford, ya gama a 1904, ya zama lauya a 1906. A wancan lokacin ra'ayinsa na 'yan mazan jiya ne, yana alfahari da daular Birtaniya kamar sauran 'ya'yan masu kuɗi da ya taso da su.

Wata ziyara ce ta juya shi. A watan Oktoba na 1905 ya je duba wata cibiyar samari da tsohuwar makarantarsa ke ɗaukar nauyi a Stepney, gabashin Landan, kusa da tashoshin jiragen ruwa. Unguwa ce ta 'yan dako masu fita da asuba su tsaya bakin ƙofar tasha ko za a kira su aikin yini, da baƙin haure Yahudawa da suka gudo daga Rasha, da 'yan Ireland. Iyali guda a ɗaki guda, yara ba takalmi cikin sanyi, kuma duk wannan a babban birnin daular da ta fi kowace arziki a duniya. Daga ziyarar mako-mako sai ya kwashe kayansa ya koma can da zama a 1907. Abin da ya gani ya sa ya yanke cewa sadakar masu kuɗi ba za ta taɓa kawar da irin wannan talauci ba, sai hukuma ta shigo da ƙarfinta da dokokinta. Ya shiga ƙungiyar Fabian da jam'iyyar 'yan ƙwadago mai zaman kanta, ya fara hawa akwati a bakin titi yana jawabi, duk da cewa mutum ne mai tsananin kunya kuma muryarsa ba ta ɗaukar taro.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 ya shiga soja, yayin da yayansa Tom ya ƙi ɗaukar bindiga saboda aƙida har aka ɗaure shi. An tura Attlee Gallipoli a ƙasar Turkiyya, farmakin da Churchill ya tsara kuma ya ƙare da mummunar asara. Yana cikin na ƙarshe-ƙarshe da aka kwashe daga gaɓar Suvla a Disamban 1915. An ji masa rauni a Iraƙi a 1916, ya gama yaƙin da muƙamin manjo. Abin mamaki, bai taɓa riƙe Churchill a zuciya kan Gallipoli ba, a ganinsa dabarar mai kyau ce, janar-janar ne suka ɓata ta.

Ya koma Stepney ya zama magajin gari a 1919, ya ci kujerar majalisar dokoki ta Limehouse a 1922, shekarar da ya auri Violet Millar. Daga 1927 zuwa 1930 ya yi aiki a kwamitin Simon da aka tura nazarin makomar mulkin Indiya, kwamitin da babu Ba'indiye ko ɗaya a cikinsa kuma aka tarbe shi da zanga-zanga. Ya yi ƙaramin minista a gwamnatocin Ramsay MacDonald. Babu wanda ya ɗauke shi a matsayin mai zuwa ko'ina.

Shugaban riƙon ƙwarya da ya shekara 20

Bala'i ne ya buɗe masa hanya. A 1931 tattalin arzikin duniya ya durƙushe, MacDonald ya amince a rage kuɗin tallafin marasa aiki, jam'iyyarsa ta ƙi, shi kuma ya bar ta ya haɗa gwamnati da 'yan Conservative. A zaɓen da ya biyo baya Labour ta faɗo daga kujeru 287 zuwa 52. Kusan duk manyanta sun sha ƙasa. Attlee ya tsira da ratar ƙuri'u 551, kuma da yake babu sauran gogaggu a majalisa sai ya zama mataimakin shugaban jam'iyya. A 1935 shugaban, George Lansbury, wanda ba ya yarda da yaƙi ko ta halin ƙaƙa, ya yi murabus ana dab da zaɓe, aka ɗora Attlee ya riƙe kafin a samu wanda ya dace. Bayan zaɓe ya kara da Herbert Morrison da Arthur Greenwood, ya kayar da su. Raina kama ka ga gayya: wanda aka ba ajiyar kujera na 'yan makonni ya zauna a kanta har 1955, kuma har yau babu wanda ya kai shi daɗewa a shugabancin Labour.

A watan Mayu na 1940, sojojin Hitler na mamaye yammacin Turai, Labour ta ce za ta shiga gwamnatin haɗin kan ƙasa amma ba ƙarƙashin Neville Chamberlain ba. Wannan matsayi na cikin abin da ya kai Churchill kujerar firaminista. A ƙarshen watan, lokacin da Lord Halifax ya nemi a gwada neman sulhu ta hannun Italiya, Attlee ya tsaya bayan Churchill a kan a ci gaba da yaƙi. A 1942 ya zama mataimakin firaminista. Aikin ya rabu ba tare da an rubuta ba: Churchill na jawabai da taswirori da tafiye-tafiye wurin Roosevelt da Stalin, Attlee na shugabantar kwamitocin da ke kula da abinci da gawayi da masana'antu da abin da za a yi bayan yaƙi. Shekara biyar ministocin Labour suna koyon mulki a idon jama'a.

Shi ya sa sakamakon 1945 bai kamata ya ba mutane mamaki kamar yadda ya bayar ba. Jama'a na son Churchill, amma ba su manta rashin aikin yi na shekarun 1930 ba, ba su kuma manta alkawuran da aka yi wa sojojin yaƙin farko aka ƙi cikawa ba. Rahoton Beveridge na 1942, wanda ya tsara yadda hukuma za ta kare ɗan ƙasa daga talauci da cuta da rashin aiki, ya shiga hannun mutane sosai, kuma Labour aka fi yarda za ta aiwatar da shi. Churchill ya ƙara wa kansa da kansa. A jawabinsa na rediyo ranar 4 ga Yuni ya yi gargaɗin cewa gwamnatin gurguzu sai ta nemi 'yan sandan asiri irin na Nazi kafin ta iya mulki. Yana faɗar haka ne a kan mutanen da suka shekara biyar suna zaune teburi ɗaya da shi. Washegari Attlee ya mayar da martani cikin sanyin murya, ya gode masa da ya nuna wa masu zaɓe bambancin Churchill jagoran yaƙi da Churchill shugaban jam'iyya.

An kaɗa ƙuri'a ranar 5 ga Yuli, amma sai 26 ga wata aka bayyana sakamako, domin a jira ƙuri'un sojojin da ke ƙasashen waje. Labour ta samu kujeru 393 cikin 640. A ranar ma Morrison ya so a sake zaɓen shugaban jam'iyya kafin a karɓi mulki. Attlee bai tsaya jayayya ba. Ernest Bevin, babban jagoran ƙungiyoyin ƙwadago, ya mara masa baya, matarsa Violet ta tuƙa shi a ƙaramar motarsu zuwa fadar Buckingham, Sarki George na Shida ya ba shi izinin kafa gwamnati. Kwana biyu bayan haka yana Potsdam a kujerar da Churchill ya tashi, gefen Truman da Stalin.

Ƙasar da ya gada ta ci yaƙi amma aljihunta wayam. A watan Agusta Amurka ta dakatar da tallafin kayan yaƙi da abinci ba zato, sai da aka tura masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya karɓo bashin dala biliyan 3 da miliyan 750 da sharuɗɗa masu tsauri. Burodi, wanda ba a taɓa rabawa da kati ba duk tsawon yaƙin, an fara raba shi da kati a 1946. Sanyin farkon 1947 ya daskarar da gawayi a filin ajiya, masana'antu suka rufe. A 1949 aka karya darajar fam daga dala 4.03 zuwa 2.80.

Cikin wannan hali gwamnati ta karɓe Babban Bankin Ingila a 1946, ma'adinan gawayi a 1947, jiragen ƙasa da lantarki a 1948, gas a 1949, ƙarafa a 1951, wato kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasar. Ta kafa inshorar ƙasa ta marasa lafiya da tsofaffi da marasa aiki. Ranar 5 ga Yuli 1948 aka buɗe NHS: mutum ya ga likita, a kwantar da shi, a yi masa tiyata, bai biya ko sisi a ƙofa ba, haraji ne ke biya. Aneurin Bevan, tsohon mahaƙin gawayi daga Wales, shi ya ja ragamar aikin, ya sha fama da ƙungiyar likitoci, sai da ya bar wa manyansu damar ci gaba da duba marasa lafiya masu biya kafin su sauko. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin famasi da takardar magani a hannu yana lissafin abin da zai saya da abin da zai bari, ya san girman abin da aka yi a ranar.

Shi Attlee ba shi ya ƙirƙiro yawancin waɗannan tsare-tsare ba. Gwanintarsa ita ce riƙe mutanen da ba sa ga-maciji da juna, Bevin da Morrison da Bevan da Stafford Cripps, kowanne yana ganin ya fi shi, ya sa su yi aiki. Taron ministoci a hannunsa gajere ne. Ba ya son dogon bayani, amsarsa ga 'yan jarida sau da yawa kalma ɗaya ce ko biyu, kuma in minista ya gaza yakan sallame shi cikin 'yan mintoci. An yi ta yi masa ba'a a kan rashin kwarjini. Da a zamanin TikTok da muhawarar talabijin ya zo, ina shakkar ko zai ci zaɓen fidda gwani.

Adalci a gida, wani abu dabam a waje

A nan ne masu yabonsa a Birtaniya kan yi sauri su wuce, mu kuma ya kamata mu tsaya.

Indiya ce babban abin da ake jinjina masa. A Fabrairun 1947 ya sanar cewa Birtaniya za ta fita, ya tura Lord Mountbatten, aka matso da ranar zuwa Agustan shekarar. Churchill ya yi adawa da hakan ƙwarai. In aka tuna cewa a daidai lokacin Faransa na yaƙi a Indochina tana kuma murƙushe boren Madagaska da jini, za a ga cewa shawarar fita ba ƙaramin abu ba ce. Sai dai gaggawar ta zo da tsada. Lauyan da ya ja layin iyakar Indiya da Pakistan, Cyril Radcliffe, bai taɓa zuwa ƙasar ba kafin nan, kuma makonni biyar ya samu. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a rikicin Hindu da Musulmi da Sikh. Burma da Ceylon suka samu 'yanci a 1948. A Falasɗinu kuwa gwamnatinsa ta miƙa batun ga Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye sojojinta a 1948, ta bar yaƙin da ya raba Falasɗinawa sama da 700,000 da muhallinsu.

Afirka ba ta cikin jerin waɗanda za a sallama da wuri. Gwamnatin na buƙatar dala da abinci, ta kuma dubi nahiyar a matsayin gonar da za ta cike giɓin. An narkar da sama da fam miliyan 30 a wani shirin noman gyaɗa a Tanganyika, a ƙasar da ruwan sama bai isa ba, aka watsar da shi a 1951 ba tare da an samu abin kirki ba. A daidai wannan lokacin dalar gyaɗa na tsaye a Kano saboda ƙarancin jiragen ƙasa da za su kai ta teku. Hukumomin sayen amfanin gona na Afirka ta Yamma suna sayen koko da gyaɗa a hannun manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, rarar kuma ana ajiye ta a Landan, inda ta taimaka wajen tallafe fam. Wato manomin Kano da na Kumasi sun sa hannu a farfaɗowar Birtaniya ba tare da an tambaye su ba.

Akwai kuma jini. Sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu da Hausawa masu yawa, sun yi wa Birtaniya yaƙi a dazukan Burma. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi maci a Accra suna neman haƙƙinsu, 'yan sanda suka harbe uku, gari ya kama da wuta. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙan gawayi 21 masu yajin aiki a Iva Valley kusa da Enugu. Gwamnatin da mahaƙan gawayin Wales da Yorkshire suka ɗora a mulki ce ke riƙe da Najeriya a ranar. A 1950 ta hana Seretse Khama, magajin sarautar Bangwato a Botswana ta yau, komawa ƙasarsa saboda ya auri Baturiya, don kada a ɓata wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu rai, ƙasar da Birtaniya ke buƙatar zinariyarta da yuraniyom ɗinta. Yuraniyom ɗin ba na wasa ba ne: tun Janairun 1947 Attlee da wasu ministoci ƙalilan suka yanke shawarar ƙera bam ɗin nukiliya a asirce. Amma kuma a ƙarƙashin wannan gwamnati ne aka fito da Kwame Nkrumah daga kurkuku a Fabrairun 1951 bayan jam'iyyarsa ta ci zaɓe, aka ba shi jagorancin harkokin gwamnati.

Ga masu zaman ci-rani akwai wani ɓangaren. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta tabbatar wa mutanen yankunan mulkin mallaka da na Commonwealth 'yancin shiga Birtaniya su zauna su yi aiki. A watan Yunin shekarar jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan 'yan Karibiyan a Tilbury. 'Yan majalisa 11 na Labour suka rubuta wa Attlee suna neman a taƙaita shigowar baƙaƙen fata. Ya amsa musu cewa bai ga dalilin tayar da hankali ba, ya bar ƙofar a buɗe, ko da yake daga baya gwamnatinsa ta kafa kwamiti a ɓoye don duba yiwuwar rufe ta. Sai a 1962 gwamnatin Conservative ta fara rufewa. 

Ƙuri'a ta fi yawa, kujera ta gaza

A zaɓen Fabrairun 1950 rinjayen Labour ya ragu zuwa kujeru 5. Ministoci sun gaji, Cripps ya sauka saboda rashin lafiya, Bevin ya rasu a Afrilun 1951. Yaƙin Koriya ya sa aka ninka kuɗin makamai, aka ce a fara biyan wani abu a kan tabarau da haƙoran roba a NHS. Bevan ya yi murabus cikin fushi, Harold Wilson ya bi shi.

Zaɓen 25 ga Oktoba 1951 na da darasin da ya kamata mai bin siyasar Birtaniya ya fahimta. Labour ta samu ƙuri'u kusan miliyan 14, fiye da na Conservative da ƙawayenta, amma ta tashi da kujeru 295, su kuma 321, Churchill ya dawo. Dalili shi ne a can ba a zaɓen firaminista kai tsaye, kuma babu zagaye na biyu irin wanda aka taɓa yi a zaɓen shugaban ƙasa a Nijar. An raba ƙasar mazaɓa-mazaɓa, kowace da kujera ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ko da guda ce ya ɗauke. Labour ta tara ƙuri'u jibgi a garuruwan ma'adinai da masana'antu inda dama ita ke ci, ta rasa mazaɓun da ake kankankan da ƙaramar rata. Tsarin kan juya ya yi wa kowa: a Fabrairun 1974 Conservative ce ta fi ƙuri'a Labour ta fi kujeru, a 2024 kuma Labour ta kwashe sama da kujeru 400 cikin 650 da kusan kashi 34 cikin 100 na ƙuri'un. Masu neman a sauya tsarin zaɓe har yau sukan kafa hujja da 1951.

Churchill da ya dawo bai rushe NHS ba, ƙarafa da sufurin manyan motoci kawai ya mayar wa 'yan kasuwa. Kusan shekara 30 jam'iyyun biyu na tafiya a kan shimfiɗar da gwamnatin Attlee ta yi, sai da Margaret Thatcher ta zo a 1979 aka fara sayar da kamfanonin gwamnati, jiragen ƙasa kuma suka bi a zamanin John Major. NHS dai babu jam'iyyar da ta taɓa shiga zaɓe da alkawarin soke ta, duk da dogayen layukan jira da ƙarancin ma'aikata da ke sa ana ɗebo su daga Najeriya da Ghana da Indiya, ƙasashen da su ma ke kukan rashin likitoci.

Attlee ya sake shan kaye a 1955 a hannun Anthony Eden, ya sauka daga shugabancin jam'iyya a Disamba, aka ba shi sarautar Earl ya koma majalisar dattawa. Violet ta rasu a 1964. A Janairun 1965, jikinsa ya riga ya yi rauni, ya fito cikin sanyi yana cikin masu rakiyar girmamawa ga gawar Churchill. A wani binciken ra'ayi da aka yi a 2004 tsakanin malaman tarihi da na siyasa na jami'o'in Birtaniya, shi suka sa a gaba cikin firaministocin ƙarni na 20, Churchill na biye. Ya rasu ranar 8 ga Oktoba 1967 yana da shekara 84, sakamakon ciwon huhu. Dukiyar da ya bari fam 7,295 ce. An binne tokarsa a majami'ar Westminster Abbey, kusa da ta Ernest Bevin.